.africa ko .com.ng, wanne ya dace da shafin ƙungiyarmu?

Maman Hanifa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin intanet shawara nake nema. Mu mata ne muke da ƙungiya ta masu sana'ar hannu, jakunkunan fata da takalma da turaren wuta da humra, kuma Alhamdulillah yanzu da yawa daga masu sayen kayanmu ba ma a Najeriya suke ba, akwai na Yamai da Maraɗi, akwai na Kumasi, akwai wasu a Garwa da Njamena, duk ta WhatsApp ake yi, a tura hoto a yi ciniki a ba direba ya kai. To mun yanke shawarar mu buɗe shafi namu na kanmu yadda mutum zai shiga ya ga kaya da farashi ba sai ya jira ɗayarmu ta gama girki ta ba shi amsa ba.

Yaron da zai haɗa mana shafin ya ce sunan da muke so an riga an kama shi a .com, saura ko mu yi .com.ng ko wani wai shi .africa. Ni dai wallahi .africa ɗin ya kwanta min a rai tunda kasuwarmu ta wuce ƙasa ɗaya, amma shugabarmu ta ce ita ba ta taɓa ganin shafi mai wannan ƙarshen ba, kar mu je mu buga kati da leda da sitika da sunan, bayan shekara biyu a ce abin ya rufe. Shine nake tambaya, wai wa ke da shi ne? gwamnati ce ko wani kamfani ne kawai ya ƙirƙiro yana karɓar kuɗin mutane? Tun yaushe aka fara shi? Kuma in da gaske namu ne na Afirka me ya sa bana ganin manyan kamfanoninmu suna amfani da shi? Allah Ya saka da alheri.

Abu Sumayya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar wa shugabarku da hankali, .africa ba abin bogi ba ne, yana cikin rajistar asali ta intanet, wato babban jerin ƙarshen adireshi na duniya, kamar yadda .com da .ng suke ciki, kuma duk wata waya ko kwamfuta a duniya za ta buɗe shi ba tare da an saka mata komai ba.

Bari in ɗan ja miki labarin don a cikinsa ne amsar tambayarki ta ƙarshe take. Hukumar da ke kula da waɗannan sunaye a duniya sunanta ICANN, hedikwatarta a Los Angeles take a Amurka. Tun kafin ta buɗe ƙofa ministocin sadarwa na ƙasashen Afirka sun riga sun nemi a samar wa nahiyar nata sunan, sun faɗa a taronsu na Johannesburg a 2009, suka sake jaddadawa a nan Abuja a 2010, suka ɗora wa hukumar Tarayyar Afirka aikin. A 2012 ICANN ta ce duk mai son sabon ƙarshen adireshi ya nema, kuɗin nema kaɗai dala 185,000 ne, aka samu takardun nema sama da 1,900. To a kan Afirka mutum biyu ne suka fito. Na farko ZA Central Registry, wato ZACR, kamfanin Afirka ta Kudu wanda ba na neman riba ba, su ne dama suke riƙe da co.za, kuma su Tarayyar Afirka ta mara wa baya. Na biyu DotConnectAfrica na Sophia Bekele, 'yar asalin Habasha, wadda ta daɗe tana yawon tallata maganar tun kafin a buɗe nema. Dokar ICANN ta ce sunan nahiya sai wanda ya kawo goyon bayan kashi 60 cikin ɗari na gwamnatocin yankin, kuma a taron ICANN na Beijing a 2013 kwamitinta na gwamnatoci ya ba da shawarar kar a ci gaba da takardar DotConnectAfrica. A Maris 2014 ZACR ta sa hannu a yarjejeniya, kowa ya ɗauka an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. DotConnectAfrica ta kai ƙara gaban kwamitin bita mai zaman kansa, a Yuli 2015 kwamitin ya ce ICANN ta saɓa wa ƙa'idojinta wajen yadda ta yi watsi da takardar, aka dawo aka sake dubawa, takardar ta sake faɗuwa a kan maganar goyon bayan gwamnatoci, daga nan sai kotu a Kalifoniya a 2016, aka dakatar da komai. Sai a Fabrairu 2017 kotu ta ƙi ci gaba da dakatarwar, aka shigar da .africa cikin rajistar asali. A Maris na shekarar aka yi bikin ƙaddamarwa a Addis Ababa lokacin Nkosazana Dlamini-Zuma na gab da sauka daga shugabancin hukumar Tarayyar Afirka. Ran 4 ga Afrilu aka buɗe wa masu tambarin kasuwanci mai rajista su fara kama sunayensu, sai ran 4 ga Yuli 2017 aka buɗe wa kowa da kowa.

Kin ga daga nema zuwa buɗewa shekara biyar kenan. Ni abin da yake min ciwo kenan har yau, don a daidai waɗannan shekarun ne wayar hannu mai intanet ta cika hannun mutanenmu, samari suka yi ta buɗe kamfanonin fasaha a Legas da Nairobi da Akara, duk wanda ya tashi sai ya kama .com ko na ƙasarsa, masu ƙananan sana'a kuma suka zauna a Facebook da Instagram. Ko biranen Afirka ta Kudu sun riga nahiyar, .joburg da .capetown da .durban tun 2014 suka fito. Lokacin da .africa ya iso kowa ya riga ya buga adireshinsa a allo da takardu, kuma ba wanda ke son canja adireshin da kwastomominsa suka haddace. Amma akwai masu amfani da shi manya, ki buga absa.africa ki gani, babban shafin rukunin bankin Absa ne, sannan jaridar fasaha ta Techpoint da ke Legas ta baro .ng ta koma techpoint.africa da ta faɗaɗa aikinta zuwa wasu ƙasashen. Maganar rufewa kuma, yarjejeniyar ICANN ta tilasta wa duk mai riƙe da irin wannan rajista ya riƙa ajiye kwafin bayanai a wajen wani amintacce daban, kuma akwai tsarin da wani zai karɓi aikin na gaggawa in kamfanin ya durƙushe. Ba abu ne da za a wayi gari a ga ya ɓace ba.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Malam Abu Sumayya Allah Ya ƙara ilimi, tarihi ya fito tsaf. Amma ni Hajiya gaskiya zan faɗa miki a matsayina na ɗan kasuwa, ku yi .com.ng ɗinku ku huta.

Na farko maganar kuɗi. Shi .ng ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da shi a nan gida kuma da naira take saka farashi, shi kuwa .africa ko da naira dillalin da ke sayar da sunan ya karɓa a hannunki lissafinsa na kuɗin waje ne, duk ranar da dala ta motsa kuɗin sabuntawa zai motsa, kuma duk mun ga abin da ya faru da naira daga 2023 zuwa yanzu, mutane nawa ne suka saki shafukansu saboda kuɗin shekara ya ninka musu. Lokacin ƙaddamarwa an yi ta cewa dala 18 ne a shekara kamar ba komai, to ki lissafa dala 18 a wancan lokacin da dala 18 a yau ki ga bambanci. Ƙungiyar mata ce da ake tara kuɗi da gumi, ba banki ba.

Na biyu, mutanenmu sun saba da .ng, yaro ya duba jarabawa a jamb.gov.ng, ya nemi gurbi a buk.edu.ng ko abu.edu.ng, uwarsa ta duba kaya a jumia.com.ng, ido ya riga ya san shi. Ki faɗa wa mutum adireshi a waya ki ce digo africa, wallahi sai ya je ya ƙara .com a ƙarshe da kansa don gani yake ba ki gama faɗa ba, in ya ga bai buɗe ba ya ce shafinku ya lalace. Kuma Google ma in ya ga .ng ya san kayan na Najeriya ne yana tura wa masu nema daga Najeriya, shi kuwa .africa a wajen Google ba ya nuna wata ƙasa, ɗaya yake da .com.

Sannan ita kanta Tarayyar Afirka da ta yi ta faɗa a kan abin nan, babban shafinta har yanzu au.int ne. Sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka da ke Akara ita ma .org take amfani da shi. In masu abu ba su rungumi abinsu ba me zai sa talaka ya fara? Ba wai bana kishin Afirka bane, ina yi, amma kishi daban kuɗin ƙungiya daban.

Ba Maraɗe ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni daga wannan ɓangaren iyakar nake magana, kuma irinmu ne Hajiya take cewa suna sayen kayansu, don haka bari in faɗi yadda muke gani. Alhaji Ɗan Kwari maganarka ta kuɗi gaskiya ce ba musu, amma ka yi lissafin mai saye na Kano ne kawai. Mu nan in muka ga shafi ya ƙare da .ng abin da ke fara zuwa ranmu shi ne wannan na 'yan Najeriya ne, da naira za a biya, da katin bankin can, kuma ba za su kawo kaya Nijar ba, sau da yawa ma mutum ba ya tsayawa ya karanta sai ya fita, don mun sha shiga mu zaɓi kaya mu zo wajen saka adireshi mu tarar jihohi 36 da Abuja ne kawai a jerin. Haka ku ma in kun ga .ne za ku ce na gwamnatin Nijar ne, kuma kusan hakan ne, don ma'aikatu ne suka fi amfani da shi irin su gouv.ne.

Mu Hausawa iyaka ta raba mu ne a takarda, ɗan'uwana na Katsina, gwaggona na Zangon Kumasi, abokan cinikina na Garwa, harshe ɗaya muke yi da su. Babu wani ƙarshen adireshi na ƙasa da zai ɗauke mu duka. Shi ya sa ni in na ga .africa raina yake sakewa, ina jin cewa mai shafin ya san da zamana. Amma fa Hajiya sunan kaɗai ba zai yi ba, in kun sa .africa to ku cika alkawarin da sunan ya ɗauka, ku rubuta farashi da sefa da sidi kusa da naira, ku faɗi ta wace tasha kaya ke tafiya da kwana nawa suke yi, ku faɗi yadda mutumin Yamai zai biya ku, in da hali a saka 'yar fassarar Faransanci saboda matanmu da suka yi lakwal da ita suka fi saurin karatu. In ba haka ba gara ku bar shi a .com.ng kowa ya san matsayinsa.

Ina da tambaya ni ma ga Malam Abu Sumayya. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agusta 2023 bayan juyin mulki, Mali da Burkina ma ta dakatar da su tun kafin nan. To tunda ita ce uwar wannan abin, ni ɗan Nijar in na saya ba za a wayi gari a ƙwace min ba a ce ƙasata ba ta cikin zama?

Abu Sumayya ya rubuta:

Tambaya mai kyau ɗan'uwa. A'a ba za a ƙwace ba, don .africa ba shi da sharaɗin ƙasa ko wurin zama, ba a tambayarka fasfo, kuma Tarayyar Afirka goyon baya ta bayar, ba ita ke zaune tana raba sunaye ba, kamfanin Registry Africa da ke ƙarƙashin ZACR ne ke gudanarwa. Abin da kake tsoro a Turai ne ya faru. Su .eu an buɗe wa jama'a shi a Afrilu 2006, kuma sharaɗi ne sai ɗan ƙasa ko mazaunin ƙasashen Tarayyar Turai ko kamfanin da ke can, da Birtaniya ta fice daga Tarayyar sai a farkon Janairu 2021 aka dakatar da dubban sunaye na mutanen Birtaniya, daga baya aka sake su ga wasu.

Sai dai wannan buɗewar tana da nata illar kuma bana so in ɓoye. Tunda kowa na iya saye, Bature ko ɗan Sin da bai taɓa taka Afirka ba zai iya kama suna mai kyau ya ajiye yana jiran mai bukata ya zo ya tsawwala masa. An dai keɓe wa gwamnatoci wasu sunaye kafin a buɗe, irin sunayen ƙasashe da wurare, amma sunan sana'arki ko na garinku na kauye ba wanda ya tsare miki. Kuma ganin .africa a adireshi ba hujja ba ce cewa mai shafin ɗan Afirka ne ko mai gaskiya ne, ɗan damfara ma zai iya saye.

Alhaji Ɗan Kwari kuma na yarda da kai a kan au.int, ni ma abin yana damuna sosai, da a ce hukumomin nahiyar sun koma kansa tun 2017 da ido ya saba. Su Turai hukumominsu sun koma europa.eu tun 2006, yau .eu na da sunaye sama da miliyan 3, namu kuwa har yanzu lissafin dubbai ake yi. Amma ka duba, matsalar ba ta .africa kaɗai ba ce. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 duka sunayen .ng ba su kai rabin miliyan ba, alhali co.za kaɗai ya haura miliyan ɗaya. Mutanenmu ne gaba ɗaya ba su ɗauki mallakar adireshi da muhimmanci ba, sana'a kacokan tana zaune a lambar WhatsApp ɗaya ko shafin Instagram ɗaya, ranar da aka yi kutse ko aka rufe shi shikenan kwastomomin shekaru sun tafi kuma ba ofishin da za ka je ka yi kuka. Don haka ni ko wanne su Hajiya suka zaɓa na yi murna da sun zo wannan matakin.

Maman Hanifa ta rubuta:

Kai Masha Allah, na gode ƙwarai, na tura wa shugabarmu duk bayanan nan ta karanta. Malam na Maraɗi maganar sefa da sidi ta shige mu sosai za mu yi in sha Allah. Yanzu abin da take tambaya, shin ana iya riƙe biyun duka ko sai an gina shafi biyu an biya yaron sau biyu? Kuma ya ce mu turo kuɗin kawai zai yi rajistar da kansa, hakan ba matsala?

Anti Bilki Mai Shafuka ta rubuta:

Yauwa Maman Hanifa, nan ne nake jira a zo, don aikina kenan haɗa wa mutane shafi. Ana riƙe biyu har goma ma, shafi ɗaya za a gina, ɗaya sunan sai a saita shi yana tura mutum zuwa ɗayan, aikin 'yan mintuna ne bai kamata a caje ku kuɗin gini biyu ba. In ni ce ku zan sa .africa a kan leda da katin da ke tafiya waje tunda can kasuwarku ke girma, in kama .com.ng ɗin ma saboda arha ne kuma kar wani ya kama ya riƙa sayar da humra da sunanku. In kuɗin ɗaya kawai kuke da shi bana to ku duba littafin cinikinku, inda masu sayenku suka fi yawa nan za ku bi.

Amma maganar ya yi rajista da kansa, dan Allah 'yar'uwa kar ku yarda a yi ta a bayan idonku. Ba ina zargin yaron bane, wataƙila mutumin kirki ne, amma domen, wato sunan adireshin shafin, kamar hayar shago yake a kasuwa, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai shago ko da kuwa ke kika biya kuɗin. Ku zauna tare da shi, a buɗe asusun a wajen dillalin da imel ɗin ƙungiya, sunan ƙungiya a gurbin mai mallaka, lambar wayar shugaba ko ma'aji, kalmar sirri a hannun mutum biyu cikinku, shi a ba shi damar yin aikinsa kawai. Wata baiwar Allah mai sayar da kayan yara ta zo min tana hawaye, wanda ya haɗa mata shafi da imel ɗinsa ya yi rajistar, ya samu aiki a wani gari ya canja layi, saƙon tunin sabuntawa yana ta zuwa akwatinsa ba wanda ya gani, ranar da ta buɗe shafin sai ta tarar da farin allo da tallace-tallacen da ba ta san su ba, ga ledoji cike da ɗaki an buga adireshin a jiki.

Ku san yadda lissafin yake a irin su .africa da .com. In wa'adi ya cika ba a biya ba yawancin dillalai suna ba da 'yan makonni a biya a farashin da aka saba, bayan nan sunan ya shiga wani zango na kwana 30 da za a iya fanso shi amma da tara mai nauyi, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan ya koma kasuwa kowa na iya ɗauka. Kuma lokacin saye kar ku kalli farashin shekarar farko kaɗai don sau da yawa na talla ne, ku tambayi nawa ne sabuntawa, in kuna da hali ku biya shekara biyu ko uku a haɗe, wannan zai rage muku fargabar dalar da Alhaji ya faɗa.

Abu ɗaya kuma da na gani da idona a kan .africa, wasu tsofaffin fom na intanet an rubuta su ne tun zamanin da ƙarshen adireshi bai wuce harafi biyu zuwa huɗu ba, sai ki saka imel ɗinki mai .africa ya yi ja ya ce ba daidai bane alhali daidai ne. Ya ragu sosai yanzu amma bai ƙare ba, na ci karo da shi a fom ɗin wani kamfanin aika kaya. Don haka kar ku rufe tsohon Gmail ɗin ƙungiya, ku bar shi saboda irin wannan ranar. Kuma kafin ku kai wa mai buga leda, a rubuta sunan a takarda babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, a ba mutum uku da ba 'yan ƙungiya ba su buga a wayarsu a gabanku, in duk sun shiga ba tare da an gyara musu ba to sai a buga.